Zuwa Akwanga Sauya Tiyon Birki, Kawu Yana Baya

Mun tashi daga unguwarmu Bukan Sidi, a garin Lafiya, da asuba, ana sallame salla, ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da kawuna a kan babur ɗina. Ni ke tuƙi, shi yana baya. Waɗanda suka yi ta tambayata ko na sayar da babur ɗin, ga yadda aka yi, gwargwadon abin da na iya riƙewa. In na yi kuskure a bayanin kanikanci masana su gyara mini, domin ni noma na karanta.

Babur ɗin na hannu ne, na saye shi bayan na gama bautar ƙasa. Yana da abin da yawancin baburan garinmu ba su da shi: birkinsa na gaba ba na waya ba ne, na mai ne. In ka matsa hannun birki, mai ke bi ta cikin wani tiyon roba ya sauka ƙasa, ya sa a damƙe faifan da ke jikin taya. Tun da ya zo hannuna nake jin hannun birkin da taushi, sai na matse shi ya kusa taɓa sitiyari sannan ya kama, na ɗauka haka irinsa yake. Makonni uku da suka wuce, a bakin kasuwar Doma, wani mai baro ya ɓullo mini ba zato. Na taka na baya, na matsa na gaba, babur bai tsaya ba sai a cikin tarin doyar wata baiwar Allah. Ni gwiwa kawai na gurje, doya ce ta ji jiki. Amma kafin in iso gida labari ya riga ni, kuma a hanya ya ƙara girma.

Mahaifiyata ta ce a sayar. Ni kuwa bayan shekara biyu ina nema, na samu aikin zagaya manoman riɗi a ƙauyukan Doma, kuma sharaɗin farko na aikin shi ne mutum ya kasance da abin hawansa. In babur ya tafi, aikin ya tafi. Na roƙa, na sa an roƙa. Daga ƙarshe ta ce ita ba ta san babur ba, amma yayanta ya sani, tunda ya yi shekara da shekaru yana acaɓa kafin ya koma sayar da hatsi. In gyara abin da zan gyara, ya hau bayana a yi tafiya mai nisa, abin da ya faɗa shi ke nan.

Na yi ta karatu a waya da tambaye-tambaye. Abin da na fahimta shi ne tiyon roba in ya tsufa kumbura yake yi idan aka matsa, sai ƙarfin da ya kamata ya isa taya ya ɓace a hanya. Maganinsa tiyo mai saƙar ƙarfe a jikinsa, wanda ba ya ba da kai. Mai yiwuwa akwai shi a garin Lafiya, ni dai na zagaya ban samu ba. Wani abokin karatuna ne ya kwatanta mini wani bakanike a Akwanga mai gyaran manyan babura. Na lissafa cewa zuwa Akwanga yawanci hawa ne, ba ya cin birki sosai, dawowa ce gangara, kuma a lokacin an riga an gyara. Wannan lissafin ne kaɗai ya bar ni na yi barci.

Hanya ta yi kyau da safen nan. Damina tana ƙarewa, ko'ina shar, raɓa na sheƙi a kan ganyen rogo. Mun wuce Shabu muna tafiya irin wadda na ga ta dace da mai birki ɗaya da rabi. Masu kai mata kasuwa suna wuce mu, wani ma da akuya a cinyarsa ya wuce mu. Kawu ya jure har Azuba, sannan ya matso da bakinsa kusa da hular kwanona.

"Injiniya, ko mu sauka mu tura ne mu fi sauri?"

Injiniya yake ce mini tun ranar da na shiga jami'a, ko da yake ya san abin da na karanta. Na ƙara wuta kaɗan don girmamawa, da muka sha kwana na mayar da ita inda take.

A wani shingen jami'an tsaro aka tsayar da mu. Na fito da takardun babur, da lasisi, da kwafin kowanne, cikin leda biyu saboda ruwa. Jami'in bai ma karɓa ba, ya dubi ledojin ya yi murmushi ya ce mu wuce. Na ɗan ji haushi, domin na ɓata yamma guda wajen shirya su.

A Nasarawa Eggon muka karya kumallo da ƙosai da kunun gyaɗa a wurin wata mata mai fara'a, wadda ke yi wa kowa magana da harshensa, ni dai na ji ta sauya harshe uku kafin ta juya ƙosai sau ɗaya. Gefen titi cike yake da sabuwar doya, da lemo, da manja a cikin gorunan ruwa. Na taya doyar don in ji, na ga kamar ta ɗan fi ta gida sauƙi, amma ban tabbata ba, domin kashin nasu ya fi ƙanƙanta. Ƙosai dai ya rage girma a ko'ina, wannan kam na tabbata.

A nan Kawu ya yi mini darasin da duk ɗan acaɓan da na sani ya yi imani da shi. Ya ce birkin gaba ado ne, masu ƙera babur sun sa shi ne don hanyoyin ƙasarsu. Wanda ya san sana'a, ranar da ya ɗauko sabon babur, kafin ma ya sa lamba, wurin bakanike yake fara zuwa a sassauta masa na gaba, don kada wata rana ya firgita ya damƙe ya tashi sama. Ya nuna mini tabon da ke ƙarƙashin gemunsa, wanda ya samu yana saurayi a kan hanyar burji. Na san labarin tabon tun ina yaro, amma ban taɓa haɗa shi da babur ɗina ba.

Daga nan muka fara hawan dutse. Wanda bai taɓa bin hanyar a kan babur ba bai gan ta ba tukuna. Duwatsu baƙaƙe sun tsaya dama da hagu, ciyawa ta lulluɓe su har wuya, nan da can ana hango 'yar gona a wurin da ni ko tsayuwa ba zan iya ba. Manyan motoci suna hawa suna nishi. A ƙasan wata kwana na hango gawar wata tsohuwar mota ta yi tsatsa, sai na mayar da idona kan titi. Direbobi suna da sunan da suka laƙaba wa wurin, ba na so in maimaita shi.

Mun shiga Akwanga hantsi ya ɗaga. Bakaniken mutum ne gajere mai furfura, ɗan ƙabilar Mada, shagonsa a bayan wata tasha, ƙarƙashin mangwaro. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne sifanoninsa a jere suke a kan tsumma, babba zuwa ƙarami. Ya sa na riƙe tsohon tiyon a tafin hannuna, shi kuma ya matsa birki. Na ji abin ya kumbura a hannuna kamar jijiya. Ya lanƙwasa shi ya nuna mini tsage-tsage ƙanana a jikin robar.

"Oga, wannan tiyo ya mutu tun tuni. Amma ba shi kaɗai ba ne."

Ya durƙusa ya duba wani ɗan noti da ke ƙasa, wanda ta nan ake fitar da iska. Murfinsa babu, gefensa kuma da sawun sifana. Ya jona masa siririn tiyo, ya sa ɗaya bakin a cikin kwalba, ya ce in matsa. Kumfa ta yi ta fitowa kamar an buɗe lemon kwalba.

"Wani ya buɗe nan ya sa iska. Wannan ba tsufa ba ne, hannu ne."

Ina shirin rantsuwa cewa ban taɓa wurin ba, sai Kawu, da ke zaune a benci yana ɓare gyaɗa, ya ce:

"Ni na sa aka yi."

Ya faɗa ne ba tare da wani nauyi ba, kamar mai ba da labarin alherin da ya ɓoye. Ashe ranar da na sayi babur ɗin, da na ba shi ya ɗana ya sa albarka, wurin bakanikensa ya wuce. Na waya ana sassauta shi da juya noti. Wannan da ba shi da waya, sai suka yi shawara suka ba shi iska.

"Yaro bai ƙware ba, ga birki kamar tarko. In bari ya kashe ɗan ƙanwata?"

Na tuna gwiwata, da doyar mutane, da makonni uku da na yi ina zargin kaina, ga shi kuma mutumin da zai yanke mini hukunci shi ne ya yi aikin, kuma don ƙauna ya yi. Bakaniken ya dube ni, ya dubi Kawu, ya ci gaba da aikinsa.

Aikin ya burge ni, bari in faɗe shi dalla-dalla ko wani zai amfana. Ya rufe tankin babur da tsumma, domin man birki yana cin fenti. Ya tsiyaye tsohon man, wanda ya koma kalar shayi. Ya gwada tiyo biyu kafin ya zaɓi ɗaya, kuma ba a tsaye kawai ya auna ba: sai da ya sa aka ɗaga tayar gaba sama har shokozoba ya miƙe duka, ya juya sitiyari dama da hagu iyaka, ya tabbatar tiyon bai ɗame ba, bai kuma goga a jikin komai ba. Ya sa sababbin wasoshin jan ƙarfe, 'yan zobban da ke hana mai ɗiga, a kowane baki, ya ce tsofaffin in an matse su sau ɗaya sun gama aiki. Sabon man da ya zuba a gabana ya fasa hatiminsa, na karanta lambar da ke jikin gorar na ga ta yi daidai da wadda ke rubuce a murfin. Sannan muka shiga fitar da iska: in matsa sau uku in riƙe, ya buɗe noti ya rufe, in saki. Mun yi haka har hannuna ya gaji, har kumfa ta ƙare, mai ya riƙa fitowa garau. Da na matsa a ƙarshe, hannun birkin ya tsaya cak a rabin hanya, kamar an sa masa dutse a baya. Kuɗin ya fi abin da na yi tsammani, amma bai kai abin da na ji tsoro ba.

Kawu ya taso ya matsa da kansa. Fuskarsa ta sauya.

"To madalla. Yanzu sai ka rage masa kaɗan."

"Baba, ni ba na yin wannan aiki," in ji bakaniken. "Sai dai mai babur ya ce."

Suka juyo gare ni su biyu. A rayuwata ban taɓa musa wa Kawu ko da a kan farashin masara ba. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, a bar shi haka." Ya ce to shi mota zai hau, in je in gaya wa uwata abin da na ga dama. Na san ma'anar wannan: in bai hau ba, ba shaida, in ba shaida, an sayar.

Abin da ya zo mini shi ne abin da aka koya mana a gonar gwaji, wato a auna. Na roƙe shi ya ba ni minti goma. Akwai wani shimfiɗaɗɗen titi a bayan tashar da ba mota. Na ajiye dutse, na ce zan taho da gudu iri ɗaya sau biyu, in fara birki daidai dutsen, shi ya auna da ƙafarsa. Karo na farko na taka na baya kaɗai, taya ta ja ƙasa, na wuce can. Karo na biyu na haɗa da na gaba yadda bakaniken ya nuna mini, yatsa biyu, a fara a hankali kamar mai tatsar lemo, sannan a ƙara. Gaban babur ya ɗan duƙa, na tsaya. Kawu ya taka ya ƙirga, ya koma ya sake ƙirgawa. Na biyun bai wuce rabin na farko da yawa ba. Wasu 'yan acaɓa da suka taru suna kallo suka ce in sake. Na sake, ban faɗi ba.

"Wannan kwalta ce mai kyau," in ji Kawu. Amma bai ƙara maganar mota ba.

Muka ci sakwara da miyar agushi a wata rumfa kusa da tasha, mai daɗi ƙwarai, sai dai yajin ya fi ƙarfina. Bayan azahar Kawu ya shiga kasuwa ya dawo da rabin buhun dankalin turawa, wanda ake saukowa da shi daga Filato, ya ce a gida ba za a same shi haka ba. Na so in ce nauyin ya yi yawa ga gangara, amma na ga musu ɗaya ya isa a yini guda. Muka ɗaure shi a baya da roba, na ja ɗaurin sau uku.

Mun kama gangaren wajen la'asar, hadari na haɗuwa a gabas amma titi a bushe. Na sa giya ta uku, ina taɓa birki jefi-jefi. Don in faranta wa Kawu, da farko na fi dogara da na baya. Kafin mu kai rabi na fara jin ƙaurin ƙarfe, kuma ƙafata tana nutsewa fiye da da. Mutum biyu da buhu sun fi ƙarfinsa, ya yi zafi.

Sai na ga ganye a kan titi, reshe ɗaya, can kuma wani. Kowa ya san wannan alamar, mota ta lalace a gaba. Amma wanda ya zuba su bai yi nisa ba, domin muna shan kwanar sai ga bayan tirela a tsaye a hannunmu, an tare tayoyinta da duwatsu. Na duba madubi in kauce, tankar mai ta riga ta cike ɗaya hannun tana saukowa. Dama kuma rami ne. Na taka na baya har ƙasa, babur ya ci gaba da tafiya kamar ban yi komai ba.

"Kada ka taɓa na gaba," Kawu ya ce a kunnena, yatsunsa sun nutse a kafaɗata.

Na taɓa. Na sa yatsa biyu na fara a hankali, na ji ya kama nan take, na ƙara, na ƙara. Nauyin Kawu da na dankali duk suka taho bayana, na dafe sitiyari na miƙe hannuwa. Taya ba ta zame ba, baya bai tashi ba. Rubutun da ke bayan tirelar ya yi ta girma, sannan ya daina. Muka tsaya, saura kamar taku huɗu. Tankar ta wuce ta gefenmu da iskarta.

Na sa ƙafa a ƙasa, wallahi wani daɗi ne ya cika mini ƙirji irin wanda ban ji ba ko ranar da sakamakon jarrabawata ya fito. Na gangara da babur gefe. Kawu ya sauka. Ya kai hannu kusa da birkin baya ya janye da sauri. Ya zagaya gaba ya tsuguna, ya daɗe yana kallon tiyon nan mai sheƙi, ya shafa shi daga sama har ƙasa ko zai ji danshin mai, bai ji ba. Sannan ya shiga daji ya karyo rassa, ya hau can sama da kwanar ya zuba su inda ya kamata. Da ya dawo ya ce, "Mu tafi, Injiniya." A wannan karon ban ji zolaya a cikin sunan ba, ko da yake mai yiwuwa ni ne na so in ji haka.

Sauran hanyar ba abin faɗi. Yayyafi ya same mu a Shabu, na rage gudu, ba wanda ya yi ƙorafi. Mun shiga gida kafin magariba. Mahaifiyata tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta dubi gwiwoyina kafin ta dubi fuskata. Kawu ya zauna, ya nemi ruwa, ya sha, ya nemi ƙari. Ni ina tsaye riƙe da hular kwano.

"Yaya, ina jin ka," ta ce.

"Ya riƙe babur ɗinsa. Yana tsayawa." Ya ajiye kofin. "Abin da ya faru a Doma kuma, ki daina ganin laifinsa. Ni na sa aka taɓa birkin tun farko. Na yi ne don in kare shi, ashe ban san irin wannan ba."

Ta ɗago ta dube shi. Ban taɓa jin Kawu ya ce bai san wani abu game da babur ba, ina jin ita ma haka. Ta ce Allah ya tsare gaba, ta ce in shigo da dankalin kada ruwa ya taɓa shi. Da zai tafi na raka shi ƙofa, ya hau tsohon babur ɗinsa, ya nuna mini hannun birkinsa na gaba da ke lilo.

"Nawa dai kada wanda ya taɓa mini."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, kuma ba na cewa ya shafi kowa. Wanda birkinsa na mai ne ya riƙe tiyon a hannu ya matsa, in ya ji yana kumbura ya sauya shi, ya kuma tsaya a fitar da iska a gabansa. Birki mai ƙarfi yana son hannu mai hankali, a kan burji ko jiƙaƙƙen titi har yanzu ina tsoronsa, kuma ina ganin tsoron yana da amfani. Tsoron Kawu ma ba a banza ya same shi ba, a jikinsa ya koya. Sai dai na gane cewa in babba ya yi kuskure don yana son ka, gardama ba ta fitar da kai, gara ka nemi abin da zai auna da ƙafarsa. Ranar Litinin na koma bakin aiki. A ƙofar kasuwar Doma na tsaya inda na yi niyyar tsayawa, na sauka na gaida mai doya.